Mutumin da Ya Toshe Hitar Motarsa

Rubuta yadda na faɗa, jikalle, kar ka gyara min magana. Maƙwabcina bakanike ne ya fara gaya min wai mota ma tana da abin jin ɗumi, hita, kuma ruwan zafin inji ne ke ɗumama ta.

Yau da safe ina zaune a garejinsa, sanyi kamar ya cire kunne, sai ga wani da tsohuwar mota. Dogo ne, rigar sanyinsa ta huje a gwiwar hannu, amma takalminsa ya sha goga. Matarsa na kujerar gaba, naɗe da bargo har hanci, tana tari. Shi kuwa yana kara tafin hannu a bakin hitar, ya ɗage, ya sake karawa, kamar mai taɓa goshin mara lafiya.

Bakanike ya duba inji, ya yi tsaki. "Yallaɓai, wa ya toshe tiyon nan? Ruwa ba ya zuwa hita."

"Ni na sa, lokacin zafi. Tana yoyo, aka ce ba ta da amfani."

Daga cikin bargo matar ta ce, "Ai shi duk abin da ya lalace, toshewa yake."

Ba wanda ya yi dariya. Ina jin mutumin tsohon ma'aikaci ne, 'ya'ya sun watse, kuma ba ya roƙon kowa.

Ya cire rigar ya lulluɓa mata, ya ce bakanike ya nemo wata hitar a kasuwa, zai kai matar asibiti ya dawo. An samo hitar tun hantsi. Ga la'asar ta wuce, ba shi ba motarsa.