Shunin da Ba Ya Wankuwa

Mijina marini ne, haka ubansa. A gidanmu, a wani ƙauye kusa da Ƙafin Maiyaki, babu abin da shuni bai taɓa ba: hannuwan maza har gwiwa, bakin ƙwarya, igiyar guga, har akuya in ta goga jikinta da shanya. Shi ya sa da leɓen 'yata ya soma yin shuɗi, ba wanda ya ɗaga kai. Surukata, wadda duk gidan muke kira Inna, ta ce yarinyar tsotsar bakin zane take yi. Ta sa soso ta dirje mata baki, magana ta ƙare.

Wannan kuwa a shekarun da ake ta raɗe-raɗin Turawa za su tafi ne. Yarinyar 'yar fari ce, kuma a wurinmu mace ba ta nuna ta san ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an tambaye ta lafiyarsa sai ta sunkuyar da kai. Ran da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, yarinyar ta tashi tana ce mini Yaya. Ƙaninta kuwa ina cilla shi sama ina cafewa a tsakar gida, ita tana kallonmu daga bakin ƙofa.

Amma ai kunya ba ta rufe ido. Ina daka, ina kallonta ta wutsiyar ido. Tana da shekara shida, ba ta iya zuwa rijiya da ɗan tulunta sai ta tsuguna sau uku tana haki. Sau biyu na ga ta sulale ƙasa a bayan rumbu, ta ɗan jima, ta farka tana waige-waige. Inna ta ce raki ne da son jiki, maganinsa aike. Ni kuwa in haɗiye maganata, in huce haushina a kan turmi.

Wata rana Inna ta tafi biki Dangora, kwana biyu. Na ja yarinyar ɗakina na saki asabari. Na wanke mata baki da sabulun salo har sau uku, na ce ta fito da harshenta. Shuɗi ne, har dasashi. Faratanta ma haka, ga kan yatsunta ya kumbura. Na kara kunnena a ƙirjinta, na ji zuciyarta tana bugu kamar ana sussuka. Tsoro ya kama ni.

Na gaya wa ubanta. Shi ma ɗin 'yar farinsa ce. Ya dubi hannuwansa ya ce, "Ai tana wurin Inna." Ya fita marina. Na daɗe ban yafe masa wannan amsar ba.

Bayan girbi mai shela ya zaga, ya ce wani likita Bature zai sauka ƙofar gidan mai gari a Ƙafin Maiyaki, yana neman yara masu haki da ciwon ƙirji. Wai ƙauye-ƙauye yake bi tun daga Bebeji, yana duba su yana rubutawa, don a gano abin da ke kawo ciwon. Inna ta ce za ta kai ta, ba don ta yarda akwai ciwo ba, ita dai tana so ta karɓo maganin tarinta. Na ce zan riƙa musu goran ruwa. Ta dube ni ta ce, "To."

Tafiyar ba ta da nisa, amma sai da hantsi ya dubi ludayi muka isa, saboda tsugune-tsugune. Duk tsugunawa ɗaya Inna ta ce, "Tashi, 'yar nema, kada ki ba ni kunya." Ni ina baya da gora, ina ƙirga numfashinta a raina.

Mun tarar da layi har bakin masallaci. Likitan na zaune a kan kujera ƙarƙashin ɗorawa, fuskarsa ta yi ja don rana, tafintansa na tsaye. Da aka zo kanmu tafintan ya ce, "Wace ce uwarta?"

Inna ta ce, "Ni ce."

"Wadda ta haife ta nake nufi, Iya."

Inna ta nuna ni da haɓa. Na ja mayafi na rufe fuska, matan layi suka yi 'yar dariya, don sun gane. Tafintan ma ya gane, sai ya ci gaba da tambayar Inna.

"Tana suma?"

"A'a. Barci ne ke kwashe ta."

"Tana gajiya in ta yi tafiya?"

"Wane yaro ne ba ya gajiya in an aike shi?"

"Wannan launin na bakinta fa?"

"Ɗan nan, gidan marina muke. Dubi hannuna."

Likitan ya jiƙa auduga ya goga a leɓen yarinyar. Audugar ta fito da ɗan shuɗi, domin a hanya ta yi ta share baki da zanenta. Ya nuna wa tafintan, suka yi murmushi. Ya dubi tsawon layin, ya ɗaga hannu a kawo na gaba. Inna har ta soma bayanin tarinta.

Ban san lokacin da na yaye mayafin ba. Na ce wa tafintan, "Malam, ka ce masa ya duba harshenta."

Inna ta juyo ta zuba mini ido. Tun da na fara kuma ban tsaya ba. Na faɗi sumar bayan rumbu, na faɗi tsugunawa uku kafin rijiya, na faɗi wankin sabulun salo, na kama yatsunta na miƙa masa. A gaban matan gari guda na ce, "'Yata ce, ni na sani."

Likitan ya daina murmushi. Ya buɗe bakinta, ya sa abin sauraronsa a ƙirjinta da bayanta, ya daɗe ƙwarai. Ya sa ta taka zuwa gindin bishiya ta dawo, ya sake saurara. Ya yi ta tambaya, ni nake amsawa, yana cika takarda. Daga ƙarshe tafintan ya ce hanyoyin jinin da ke cikin huhunta ne suka ƙuntace, zuciya na turawa da ƙyar, shi ya sa jinin ba ya samun iska.

Na ce, "Maganin fa?"

Tafintan ya tambayi likitan, ya juyo bai dube ni ba. Ya ce likitan ya ce har a ƙasarsu ba a samo shi ba tukuna, nemansa ake yi, abin da ya kawo shi ke nan. Amma kada a ƙara aikenta, kada ta ɗauki kaya, kada ta yi doguwar tafiya da ƙafa.

Muka kamo hanya, Inna a gaba. Ko maganin tarin ba ta tsaya karɓa ba. Muna wuce gonakin bakin gari yarinyar ta tsuguna. Na ajiye gora, na durƙusa na juya mata baya. Ta tsaya tana duban kakarta, ba ta san ko an yarda ba.

Sai Inna ta kwance ɗamarar ƙugunta ta miƙo mini, fuskarta na kallon wani wajen. Ta ce, "Ki ɗaure da kyau." Ta ɗauki goran da kanta.

Na goya ta. Ƙafafunta na lilo har cinyata, zuciyarta na dukan bayana. Mun ɗan taɓa tafiya sai ta kawo bakinta kusa da kunnena ta ce, "Yaya, na yi miki nauyi?"

Na ce, "A'a."

Gaskiya na faɗa mata. Ko nauyin ƙaninta ba ta kai ba.