Ƙyallin Farantan Madubi

Maƙwabcina ne tun gashin kanmu yana baƙi. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu, ita ma ba ta da tsawon da za ta hana gaisuwa. Ni kafinta ne, shi kuwa wankin mota ya yi a bakin tasha har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Direbobi ne suka laƙaba masa Madubi, domin in ya gama da mota, mutum yana iya tsayawa jikin ƙofarta ya gyara zaman hularsa. Sunan ya biyo shi gida, har jikokinsa ma Baba Madubi suke cewa.

A wurinsa wanki rabin aiki ne. In ya ɗauraye mota ya tsane ta, sai ya ɗauko gwangwanin man folish, ya lakato da tsumma mai laushi, ya bi jikinta yana murzawa a zagaye, sannu a hankali, kamar mai shafa wa jariri mai. Yakan ce duk abin da ba a shafa wa mai ba, rana ce ke cinye shi. Direba mai gaggawa ba ya kai masa mota sau biyu, amma masu son abinsu layi suke yi.

Da 'ya'yansa suka zaunar da shi a gida, zaman bai karɓe shi ba. Hannun da ya saba murza ba ya iya kwanciya a cinya. Ya goge buta, ya goge marfin tukunya, ya goge makullin ƙofa. Kekena ma in na jingine shi a waje, sai in fito in tarar yana ɗaukar ido. Matarsa, wadda duk layin muke kira Inna, shi kuma yake ce mata Manaja, takan ce in za ta yi barcin rana sai ta rufe fuska da mayafi, kada ta farka ta tarar an yi mata folish.

Inna tana da ciwon suga, irin wanda sai da allura kullum, kuma ruwan allurar ba ya son zafi, a firij ake ajiye shi. Wutar layinmu kuwa baƙuwa ce, ba ta faɗin ranar zuwa balle ta tafiya. Saboda haka babbar 'yarsu, wadda ke aikin jinya a wani gari mai nisa, ta kawo mai haɗa sola. Mutum ne mai fara'a, Injiniya muke ce masa. Ya kafa farantai masu mayar da hasken rana wuta a kan rufin kicin, ya sauko da waya zuwa batir da inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, a lungun falo, ya jona ƙaramin firij da fanka da ƙwan fitila. Da zai tafi ya ce a riƙa goge farantan, kada datti ya zauna a kansu.

Wannan magana ta faɗa kunnen Madubi kamar an naɗa shi sarauta. Washegari ya leƙo ta katanga ya ce in yi masa tsani mai ƙwari. Na yi masa, na ƙara faɗin matakan saboda gwiwarsa. Daga nan ya zama kowace safiya shi ke hawa, ni ke riƙe ƙasan tsanin. Yakan hau da bokiti da tsumma, gwangwaninsa a aljihu. Ina ganin gwangwanin, ban taɓa kawo komai a raina ba, tunda ban taɓa ganinsa babu shi ba.

Da fari komai lafiya lau. Firij yana ta gurnaninsa har gari ya waye, Inna har ruwan sanyi take aiko mini da shi in rana ta take. Sai abu ya fara sauyawa kaɗan-kaɗan. Wata safiya Inna ta tarar da ruwa kwance a ƙarƙashin firij, inbata ta yi kukanta ta gaji ta mutu. Aka ce ko hadarin jiya ne. Bayan kwanaki ya sake faruwa, alhali rana ta yini tana dukan ƙasa. Daga baya sai ya zama kusan kullum batir ba ya kai asuba.

Aka kira Injiniya. Ya fara da tambayar abin da ake jonawa. Ashe akwai dutsen guga da ake sawa jefi-jefi, ga maƙwabta masu kawo cajin waya. Madubi ya soke duka a take, har fanka ya cire ya naɗe wayarta, suka koma fifita da kwali. Bai hana ba. Injiniya ya dawo ya auna batir, ya kankare bakinsa, ya ɗaure abin da ya saki, ya bi waya yana taɓawa ko akwai inda take zafi. Ya ce batir da sauran ƙarfinsa, ba shi ne ba. A zuwa na gaba ya lura reshen mangwarona yana jefa inuwa a gefen rufin da la'asar. Na ɗauko zarto na sare shi da 'ya'yansa ɗanye. Aka samu ɗan sauƙi, amma ba wanda zai kai firij safiya ba.

Duk zuwan da yake yi, in ya ɗaga kai ya dubi rufin sai ya kare ido da hannu ya yi dariya, ya ce duk gidajen da yake zagawa babu mai farantai masu tsabta irin na Baba. Abin da ya sa bai ga dalilin hawa ba ke nan. Madubi kuwa in ya ji haka sai ya gyara tsayuwa. Kuma da yake shi abu ɗaya ya sani da ake yi wa abin da ya yi rauni, yadda wutar ke raguwa haka yake ƙara ƙwazo. Hawan safe ya zama safe da yamma. Gwangwani ya ƙare ya sayo wani.

Ana cikin haka Inna ta kwanta. Ashe ruwan allurar ya sha ɗumi ya sha sanyi har ya rasa ƙarfinsa, tana yi amma kamar ba ta yi. Sai da ta kwana biyu a asibiti. 'Yar ta taho a ruɗe, ta ɗauki hutu, ta dawo da uwarta gida ta zauna jinya, sabon ruwan allurar kuma aka kai ajiya kantin mai magani a ƙarshen layi. Ina tsakar gidan ranar da ta yi wa ubanta magana. Ta durƙusa ta faɗe ta, amma maganar ba ta durƙusa ba.

"Baba, ka yi haƙuri. In hutuna ya ƙare firij ɗin nan bai daina mutuwa ba, da Inna zan tafi."

Bai ce ta tafi da shi ba, domin ya san ɗaki ɗaya ne ya rage a gidan mijinta, kuma shi ba mai zama gidan suruki ba ne. Da yamma ya shigo rumfata ya zauna a kan benci, ya ɗauki guntun katako yana shafawa da babban yatsa. Sai ya ce tun da aka kawo Manaja gidansa bai taɓa shan shayin safe shi kaɗai ba, bai ma san inda take ajiye cokali ba. Na ce Allah zai kawo mafita. Ba ni da abin faɗa da ya fi wannan.

Injiniya ya sake zuwa, wannan karon da tsakar rana, ya ce yana son ya ga abin da ke saukowa daga sama lokacin da rana ta fi ƙarfi. Ya maƙala na'urarsa a wayar da ta fito daga rufi, ya duba, ya fita ya kalli sama, ya dawo ya sake dubawa. Ya ce rana kamar za ta fasa kai, amma abin da ke shigowa bai fi na ranar hadari ba. In haka ne, a sama matsalar take. Ko wani faranti ya tsage, ko mahaɗin waya ya ƙone a ƙarƙashi.

Na riƙe masa tsani ya hau. Yana dafa gefen faranti sai tafin hannunsa ya zame, har tsanin ya girgiza a hannuna. Ya dubi hannun, ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya sa farce ya ja layi a kan gilashin. Daga inda nake na ga wani abu ya naɗo a bakin farcen kamar kakin zuma, ƙarƙashinsa kuma ga shuɗi mai duhu, wanda na manta haka farantan suke ranar da aka kawo su. Sauran duk sun yi wani fari-fari mai ƙyalli.

Ya sauko a hankali. Ya waiga ya ga 'yar tana kicin, Inna tana ɗaki, sai ya ja Madubi gindin katanga ya rage murya.

"Baba, da me kake goge su?"

Madubi ya zaro gwangwanin ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce mai kyan ne, wanda yake sa wa motocin manya, ba ya yi wa Manaja arha.

Injiniya ya juya gwangwanin a hannunsa. Na ga yana neman ta inda zai fara. Ya ce laifinsa ne da ya ce a goge bai ce da me ba, kuma da ya tsaya a ƙasa yana yabo. Sannan ya ce mota ana shafa mata mai ne don ta kori rana, shi kuwa faranti cin rana yake yi. Man nan ya hau kan mai, datti ya manne a tsakani, zafi ya gasa su suka zama ɓawo.

"Ƙyallin nan da muke gani, Baba, hasken da ya kamata ya shiga ne yake dawo mana ido."

Madubi ya miƙa hannu. Ya karɓi gwangwaninsa, ya duba murfin, ya mayar aljihu. Ya dubi tagar ɗakin Inna. Sannan ya ce, "Ke nan da hannuna na kwantar da ita."

Ashe taga a buɗe take. Muryar Inna ta fito, a raunane amma da sauran yajinta.

"Malam, kai ka ɗora mini suga? Tun ina amarya na ce man nan zai ja mana magana, ga shi sai da muka tsufa. Ka bar tsayuwa kamar an yi maka mutuwa, ka tambayi mutum yadda ake cire shi."

Injiniya ya ce ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da soso mai laushi, da sassafe kafin gilashi ya yi zafi, kada a kankare da ƙarfe. Ya ce zai turo masu yi. Madubi ya girgiza kai, ya ce hannun da ya shafa shi ne zai cire. 'Yar ta so ta hana shi hawa, uwarta ta ce ta ƙyale shi, in an hana shi wannan to gara a haɗa su biyun a tafi da su asibiti.

Aikin bai yi sauri ba. Abin da aka yi watanni ana ɗorawa ba ya fita a wanki ɗaya. Inna na dafa ruwa daga zaune, 'yar na miƙo bokiti, ni ina riƙe tsani, shi yana sama yana cuɗawa yana ɗauraya. Ruwan da ke gangarowa ta indararo fari ne kamar an wanke kwanon madara. Ban taɓa jin ya yi aiki shiru haka ba, shi da yake ɗan waƙe-waƙensa in yana murza. Ranar da ya gama na ƙarshe ya sauko ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai. Farantan sun yi duhu, ba sa ɗaukar ido ko kaɗan. Ya ce, kamar da kansa yake, bai taɓa barin aiki da muni haka ba.

Da rana Injiniya ya zo ya maƙala na'urarsa, ya juyo da ita ya nuna mana. Ni ban iya karanta ta ba, amma na iya karanta fuskarsa. 'Yar ba ta yarda da fuska ba. Ta sa ruwa a ƙaramin kofi ta ajiye a saman firij ta ciki, ta ce safiya ce za ta yi shaida. Washegari kofin ya daskare. Ta sake, ya sake daskarewa. Haka ta yi ta yi har hutunta ya ƙare, aka mayar da fanka ma batir bai gaza ba. Ranar tafiya ta je kantin mai magani da kanta ta ɗauko ruwan allurar, ta jera a firij, ta ɗauki jakarta ita kaɗai. A bakin ƙofa ta miƙa wa ubanta hannu ta ce ya ba ta gwangwanin. Inna ta ce a bar masa, ta san inda za ta aike shi.

Yanzu ba kullum muke hawa ba, sai in datti ya taru, kuma ruwa zalla ne da tsumma. Gwangwanin yana nan. Inna ta ce masa jikin firij ba ya cin rana, ya yi yadda ya ga dama da shi. In ka shiga falonsu da safe za ka same shi a kan 'yar kujera yana murza ƙofar firij a zagaye, shayinsa na hucewa a gefe. Ita kuma in ta zo ɗaukar allurarta sai ta ce ya matsa, ta tsaya ta gyara ɗaurin ɗankwalinta a jikin ƙofar tukuna, sannan ta buɗe.