Kogin da ke Komawa Baya

Warin laka ne ya tsayar da ni a kan gada da safen nan, warin da kogi ke bari idan ruwa ya janye. Ban taso da shi ba. A Doha na girma, a unguwar Matar Ƙadim, wato Tsohon Filin Jirgi da Larabci, garin da ko rafi babu. Amma na gane warin nan take, domin Kakana ya sha kwatanta mini shi.

Kaka, mahaifin Babana, masunci ne daga ƙasar Yawuri. Baba ya kawo shi Doha don a cire masa yanar ido, da niyyar ya koma kafin damina. A gidan su Kaka akwai wata al'ada: duk ruwan da ka iske wanda ba ka sani ba, sai ka yi masa sallama, ka ɗeba da hannun dama, ka ɗanɗana, ka shafa a fuska. Ran da Baba ya kai mu bakin teku, Kaka ya durƙusa bisa duwatsu ya yi haka. Sai ya tofar.

"Wannan ba ya zuwa ko'ina," in ji shi. "Mu tafi."

Aikin ido ya yi kyau. Sai korona ta zo, aka rufe filayen jirgin sama na ƙasarmu, aka rufe masallatai, zafi kuma ya sauko. Sanyin na'ura na sa masa ciwon gaɓoɓi, in an kashe kuma ɗakin ya koma tanderu. Yakan yini a bakin taga, da sabbin idanunsa, yana kallon bangon gidan maƙwabta. Jakarsa na ɗaure a ƙarƙashin gado. Burinsa ɗaya ne, kuma bai ɓoye ba: a binne shi a kan tudun garinsu, kusa da Kakata, inda ake hango ruwa. Kullum Baba ya dawo daga tuƙi, tambayar Kaka ɗaya ce.

"An buɗe hanya?"

"Tukuna, Baba."

Makarantarmu ta koma cikin waya. Malamarmu ta labarin ƙasa 'yar Ireland ce, ita ma annoba ta hana ta zuwa gida, sai ta ba mu aiki a kan garinsu, Limerick, da koginsa Shannon. Ni ba na iya buɗe baki a aji, ko ta waya. Sai na riƙa karanta wa Kaka ina fassarawa. Na ba shi labarin mayaƙan teku da suka zo daga arewa cikin dogayen jirage suka zauna a tsibirin da ke tsakiyar kogin, da ganuwar dutse da wani sarki ya gina a bakin ruwa, da jiragen da suka kwashe mutane lokacin yunwa.

"Bar sarakuna, Amarya," in ji shi. Haka yake kirana. "Wane kifi ke ciki?"

Na gaya masa akwai kifin da ke hawowa daga teku ya haihu a kogi, akwai kuma zuriyar masunta masu siraran kwale-kwale da suka gaji kamunsa kaka da kakanni. Daga baya aka gina madatsar lantarki a sama da garin, aka karkatar da ruwa, kifi ya ragu, sana'arsu ta mutu.

Kaka ya juyo daga bakin taga. Sai ya fara ba ni labarin shekarar da aka datse kogin Kwara a Kainji, yana saurayi. Ruwa ya riƙa hawowa a hankali, ba hayaniya, ya ci gonaki, ya ci tsamiyar ƙofar gidansu, ya ci kabarin mahaifinsa.

"Ashe Turawa sun yi wa nasu ma," ya ce.

Abu ɗaya ne ya ƙi yarda da shi. Na karanta masa cewa a Limerick, idan teku ta cika, kogin yakan juya ya koma baya.

"Littafinki ƙarya yake yi, Amarya. A ruwa na tsufa, ban taɓa ganin kogin da ya koma inda ya fito ba."

"Teku ce ke turo shi, Kaka."

"To, in kogi na komawa, ni ma zan koma ke nan."

Ya yi dariya, dariyar ta ƙare da tari.

Ba mu san ta inda ciwon ya shigo gidan ba. Masu ɗaukar marasa lafiya suka zo cikin fararen kaya, fuska a rufe. A bakin ƙofa Kaka ya juyo, muryarsa na fitowa da ƙyar ta cikin takunkumi.

"In kin je, ki gaishe mini da kogin nan. Ki duba mini ko gaskiya ne."

Ba a bar kowa ya bi shi asibiti ba. An binne shi a bayan gari, cikin ƙasa mai duwatsu da inji ya haƙa, Baba da wasu 'yan ƙasarmu biyu na tsaye nesa da juna. Ba a jima ba aka buɗe hanya.

Da gasar cin kofin duniya ta zo, aka sake buɗe tsohon filin jirgin da ke bayan unguwarmu. Jirage na sauka suna tashi yini guda, Baba na jigilar 'yan kallo. Ana murna a titi, Mama na rufe taga. Har lokacin ba wanda ya iya kwance jakar Kaka.

Yanzu a Limerick nake karatu. Da safen nan na jira a kan gada. Ruwa na ƙara yana gudu bisa duwatsu a gaban ganuwar. Sannu a hankali ƙarar ta mutu, duwatsun suka nutse, sai ga wani reshen itace yana tafiya sama, yana nufar inda ya fito. Ƙannena ba su san ana gaida ruwa ba, ni ma sai da na waiga na tabbata ba mai kallona. Na sauka matakala, na yi sallama, na ɗeba da hannun dama. Sanyi ƙalau, babu gishiri.

Gaskiya ne, Kaka. Shi yana komawa.