Rubutu Kamar Tururuwa

Tun da asuba, kafin in buɗe tagar shago, abokiyar aikina tana zaune a ƙasa tana tsince takardun da suka lalace jiya. Mai farin baya gefe guda, wadda ta cika a kwando. Ni ɗaurin littafi nake yi a shagon, ita ke kan na'urar buga takardu. Gaba-da-Baya muke kiranta, don ba ta sakin takarda sai ta ci fuska biyu.

Ba na yabon mutum da baki, amma aikinta na gani. In ka kawo shafin intanet a buga maka, sai ta cire tallace-tallace, ta share hotuna, ta datse surutun masu sharhi na ƙasa. Abin da wani zai fitar a shafi goma, ita a biyu za ta kammala.

"Talla ka zo karantawa ko labari?" haka take tambaya. Kwandon shararmu ya rame, muka ji daɗi.

Daga nan abin ya zarce. Ta koyi matse shafi huɗu a fuska ɗaya, rubutu ya koma kamar tururuwa. Ɗalibai ba su damu ba, idonsu sabo ne.

Akwai wani tsohon direban babbar mota da ke zuwa duk Asabar. Ƙarar inji ta cinye masa kunne, waya ba ta yi masa amfani. 'Yarsa tana aikin jinya a wata ƙasa, tana rubuta labarin zamanta a shafinta na intanet. Wannan rubutu shi ne muryarta da ta rage masa. Yakan karɓi takardar da aka buga masa, ya ninke, ya sa a aljihu, ya yi godiya.

Wata Asabar Gaba-da-Baya tana miƙa masa sai ta ɗaga murya ta ce, "Baba, ashe kai ka koya mata tuƙi a filin ƙwallo? Har ta ture maka bokiti!"

Ya tsaya. "Wa ya faɗa miki?"

"Ai shi ta rubuta wancan makon. Duk a kanka ne."

Ya zaro takardar wancan makon daga aljihu. Ta yi laushi saboda ninki. Ya kai ta kusa da hanci, ya nisanta, ya mayar.

"'Yata, tun da rubutun ya ƙanƙance ban ƙara karantawa ba. Cikar takardar nake dubawa. In ta cika, na san tana da ƙarfin surutu, lafiyarta ƙalau."

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?"

"Na ga tsimi kike yi. Ba a hana mutum abin kirki."

Ba ta ba da haƙuri ba. Da ta bayar, da na raina ta. Ta zauna kan kujera, hannu bisa gwiwa, ta kasa kallonsa. Ko shayin da na kawo mata ba ta taɓa ba. Wani ɗalibi ya leƙo ya ce, "Anti, a matse mini nawa sosai." Ta ce ya dawo da rana.

Ta nemo rubutun 'yar tasa tun daga watan da ta fara matsewa. Tallan ta cire kamar kullum, amma ta bar hotunan. Ta ƙara girman haruffa, ta buga shafi ɗaya na wancan makon, ta kai masa kan benci a bakin ƙofa.

"Wannan fa?"

Ya motsa leɓe, ya kama layin farko da ƙyar. "Ana gani. Ya isa, kada ki yi ɓarna."

Ta karɓe, ta koma, ta ƙara girman, ta sake kawowa. Wannan karon ya karanta a fili, da ƙarfi irin na mai nauyin kunne, har ya kai wurin bokitin ya ce, "Ƙarya take, bokiti biyu ne."

Ta farke sabon ƙunshin takarda, ta cika na'urar, ta danna.