Randar Kaka a Ɗakin Baffa

Abin da na fara gani da na shigo gida daga makaranta ran nan shi ne gurbin randar Kaka. Randar ba ta nan. Sai ramin da gindinta ya yi a cikin yashi a ƙarƙashin darbejiya, da jiƙaƙƙiyar ƙasa inda aka tuttular da ruwan, kaji suna ta tono. Faifan da ake rufe ta da shi yana jingine da bango, moɗa a kife kusa da shi. Na tsaya da jakata a kafaɗa.

In ba ka taɓa yin bazara a Tudun Wada ba, da wuya ka gane darajar randa. Muna da firji, amma wuta sai ta ga dama, kuma Kaka, mahaifiyar Babanmu, ta ce ruwansa yana kashe mata haƙori. Na randarta kaɗai take sha. Tsohuwa ce baƙa, gindinta ya yi gansakuka, ruwanta yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi. Ni ce mai ɗebo mata. A ranar ta kwana biyu a Dutsen Abba wurin suna, da la'asar ake sa ran dawowarta.

Ina nan tsaye sai wani sauti ya taso daga ɗakin Baffa, ƙanin Babanmu, mai gyaran rediyo a wata 'yar rumfa a Kwangila. Nauyin sautin ne ya ba ni tsoro. A ƙirjina na fara jin sa kafin kunne, har kwanon rufin ɗakin yana karkarwa. Na ɗaga labule a hankali, na ga randar Kaka kwance a kan tabarma, an tokare ta da bulo biyu, lasifika ta toshe bakinta.

Baffa ya daɗe yana ƙorafin cewa lasifikar rediyonsa tana ƙara kamar gwangwani, saboda akwatin katakon da ta zo a ciki ba shi da kauri. Shi ne ya kwance ta. Ya huda gindin randar da ƙusa ya zura waya, ya farke matashin kansa ya shimfiɗa audugar a ciki don kada sautin ya riƙa amsa kuwwa, ya naɗe gefen da robar tayar keke don kada iska ta fita. Da ya gan ni sai ya washe baki.

"Zo ki ji duma, 'yar boko! Duk tukwanen gidan nan sai da na ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Ta Innarki kamar tire take amsawa. Wannan kuwa, ji fa!"

Dama ni ba mai magana ba ce. Idona yana kan jan garin da ya zuba a tabarma. Lasifikar ta fi bakin randar faɗi, shi ya sa ya sa magagari ya goge leɓen gaba ɗaya har ta zauna daidai.

Inna ta dawo daga awo ta tarar da mu. Ledar hannunta ta faɗi, tumatir ya watse. Salati kawai take yi, tana maimaitawa. Baffa ya ce, "Haba Yaya, randa ce fa. Gobe sai in sayo mata sabuwa, biyu ma in tana so."

Da la'asar Kaka ta iso, ta zauna a bakin ƙofarta tana fifita da gefen mayafi. "Ƙawata, ba ni ruwa." Na ɗebo mata na randar Inna. Kurɓa ɗaya ta yi ta ajiye, ta dubi gindin darbejiya, ta dube ni. Na nuna ɗakin Baffa da yatsa.

Da ya ji takunta sai ya yi maza ya sa kaset ɗin karatun Alƙur'ani. Gaskiya muryar ta fito cike, kamar malamin yana zaune a ɗakin. Kaka ta jira aka kai ƙarshen aya, sannan ta ce, "Auta, kashe." Ta durƙusa da ƙyar, ta zagaya yatsunta a wuyan randar, ta sake zagayawa.

"Ina bakin?"

"Na ɗan goge shi ne, Hajiya."

A nan ne ta gaya mana abin da babu wanda ya sani a gidan, har Baba. Mahaifiyarta maginiyar tukwane ce, kuma a ƙauyensu kowace maginiya tana danna babban yatsanta a leɓen randa kafin ta bushe, don a san aikin wace ce. Wannan ce ta ƙarshe da ta gina. Ba a taɓa ɗaukar matar hoto ba. Na sha ganin Kaka tana sa yatsa a wani ɗan lotsi a bakin randar duk safiya, ni a zatona ƙura take dubawa.

Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi komai girgiza mu. Ta shiga ɗaki ta fara ninke zannuwanta. Baba ya dawo ya durƙusa a ƙofarta yana ba ta haƙuri har aka kira magariba. Baffa, ƙato da gemunsa, ya cire lasifikar yana kuka, ya kwaɓa siminti ya toshe hujin. Kaka ta ce ta yafe masa duniya da lahira, amma ba za ta iya kwana tana tashi tana kallon wannan gurbin ba. Za ta koma wurin 'yarta, Gwaggo, a Tudun Jukun.

Yau 'ya'yana suna da lasifika da ba ta fi sabulun wanka girma ba, ba waya ba kaset, kuma tana cika tsakar gida. Ba wanda zai ƙara ƙwanƙwasa tukunya don neman sauti, randar ma ta yi wuyar gani a unguwarmu. Kaka ta rasu a gidan Gwaggo, ba ta sake kwana a namu ba. Baffa ya yi furfura, har yanzu in zancen ya taso sai ya miƙe ya bar wurin.

Ni kuwa safiyar tafiyarta nake yawan tunawa. An ɗaure ƙunshinta a bayan babur, kowa ya yi cirko-cirko a zaure. Ban taɓa tsayawa gaban Baba na fara yi masa magana ba sai ran nan. Na kama gefen rigarsa.

"Baba, don Allah ka bar ni in bi ta. Ko makaranta ta yi nisa, zan taka."