Faifan Sauraron Rana

Ƙanena malamin kimiyya ne a wata sakandare a Argungu, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Wani hutu ya zo gida, unguwar Nassarawa, da hoton da ya yanko daga mujalla. Wani faifai ne na ƙarfe, ya fi masallacin unguwarmu girma, an ɗora shi kan tayoyi. Ya ce ana juya shi duk inda ake so a sama, kuma ba kallo yake yi ba, saurare yake. Rana da taurari suna da ƙara, in ji shi.

Baba manomin shinkafa ne. Ya duba hoton ya ce, "In an shanya shinkafa ciki, wa ka hawa shi kwaso?"

Ƙanena ya yi dariya, amma maganar ta tsaya masa. Ya haɗa nasa ƙarami da ragar waya, ya ɗora shi kan gwafa irin ta jigon ban ruwa don ya riƙa juyawa, ya ja waya zuwa wani akwati mai kama da rediyo. Abu ɗaya yake so, Baba ya ji rana da kunnensa. Baba ya ce sai an gama girbi.

Zazzaɓi ya ɗauke ƙanena kafin a gama.

Bayan sadakar arba'in Baba ya kira ni da hantsi. Na tarar ya ɗaure faifan da igiya ta ko'ina, yadda ake ɗaure jinkar rumbu kada iska ta tafi da ita. Inna kuma ta shanya kuɓewa a ciki.

"Kunna muna," in ji Baba.

Ni tela ne, ban san komai game da abin ba. Na kunna, sai shuuu kawai.

"Baba, sai an kwance shi. Marigayi cewa ya yi sai faifan ya fuskanci rana."

Baba ya kwance igiyoyin da kansa. Inna ta kwashe kuɓewarta. Na juya faifan a hankali, yadda na taɓa ganin ƙanena yana yi. Ko ƙarar ta ƙaru, ban sani ba har yau.

Baba ya tsuguna, ya kara kunnensa jikin akwatin.

"Awo," ya ce, yana gyaɗa kai. "Na jiya."

Bai sake ɗaure faifan ba. Iskar farkon damina ta kayar da shi.