Jakin da ya ƙi rabuwa uku

Mu uku ne muke yawon biki a ƙauyukan Bagwai: ni da waƙa, abokina na ƙuruciya da kalangu, sai wani dattijo sanƙira, mai shelanta wa jama'a kyautar da aka yi mana. Ƙa'idarmu ba wuya. Duk abin da ya shigo, kafin mu bar garin sai mun zauna gindin bishiya mun kasa shi uku. Ko goro ɗaya ne sai an fasa. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa jin kanmu.

Sai wani Alhaji, babban manomi, ya yi wa ɗansa aure. Na wasa shi, na kai rumbunansa har gajimare, kansa ya fasu, ya aika gida a kawo tukwici. Ni na sa rai da shadda. Sai ga jaki an jawo, tsoho, kunne ɗaya a kwance, yana kallonmu kamar mun ci masa amana. Sanƙira kuwa, da ko allura aka ba mu sai ya mai da ita garma, ya cika filin da kirari har jakin ya tsorata.

A gindin bishiya muka gane mun shiga uku. Jaki ba ya kasuwa gida uku, kuma ba ya sayuwa, don Alhaji ba ya fashin cin kasuwa. Ran da ya ga kyautarsa a hannun dillali, ranar za a rufe mana ƙofarsa da ta danginsa kaf. Dattijo ya yi wayo, ya ce shi rabonsa hawa, a kai shi biki a dawo da shi. Aka bar mu, ni da makaɗi, da kiwo: daga wannan ranar kasuwa zuwa ta gaba yana gidana, sannan ya koma gidansa.

A wajenmu gona kamar tafin hannu take, ba a hutar da ita, takin zamani kuma ya fi ƙarfin mawaƙi. Saboda haka abin da jaki yake zubarwa ba abin wasa ba ne. Nan rigimar ta ɓullo. Wata safiya na kai wa makaɗi jakin, sai ya tare ni a ƙofa yana leƙen cikin dabbar.

"Malam, wannan fa wayam ka kawo min shi."

"To da me kake so na kawo shi?"

"Ni harawata nake ɗura masa ranar da zai koma gurinka, ya je ya sauke maka a gida. Kai kuma sai ka tsaya ya gama tas, kana ka jawo min fata."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da nake haɗa baiti a tsaye, wai ni ne zan zauna gadin bayan jaki. Daga ranar muka daina gaisawa sai a fili. A wurin biki ya riƙa tsuke kalangu yana gudu don numfashina ya ƙare, ni kuma ina cusa habaicin mai awon kashi a tsakiyar yabon amarya. Mutane suka ɗauka sabon salo ne, liƙi ma har ƙaruwa ya yi. Dattijo yana kan jaki yana cewa mu ji tsoron Allah.

Ana gab da faɗuwar damina makaɗi ya zo gidana, ya zauna bakin tabarma kamar baƙo. Ya ce a bar masa jakin gaba ɗaya, shi kuma ya bar min rabonsa na biki har abada. Na yi dariya, na ce na yarda, ina zaton kafin sati zai dawo da kalangu a hammata.

Bai dawo ba. Ya ɗinka mangala, ya shiga jigilar taki da ƙasa ana biyansa, dawarsa a shekarar ta fi ta kowa tsayi. Na iske shi a gona na ce wasa ya isa haka. Ya share gumi ya ce, "Abokina, yanzu yarana sun san da wane abinci za su kwana. Ka yi haƙuri." Maganar tana yi min ciwo har yau.

Yanzu da sifika nake zuwa biki. Mai situdiyo a Kano ya zuba min kiɗa a waya, sai dai in danna. Ba ta neman rabo, ba ta leƙen cikin kowa. Amma a bikin farko sunan kakan ango ya ɓace min, na ja numfashi na waiga hagu, inda ake sassauta min kiɗa har in tuna. Ba kowa a wurin, kiɗan ya wuce ya bar ni tsaye da baki buɗe.